Wace ƙugiya, wane bid? Muhawarar masu ɗaurin ƙudan tirawut

Abu Gilasgo:
Salam 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ɗaura ƙuda da hannunsu, wato ƙwaron ƙarya da ake ɗaurawa a ƙugiya don kama kifi, ina neman shawara. Na samu bayis mai riƙe ƙugiya da zare da gashin wutsiyar tsuntsun fesant da gashin zomo, ina so in fara ɗaura nimf, ƙudan da ke nutsewa mai kama da ɗan ƙwaron ruwa, da kaina kafin a buɗe kamun kifin tirawut nan Sikotilan ranar 15 ga Maris, don gaskiya sayen ƙuda ɗai-ɗai yana cin kuɗi kuma rabinsu a duwatsun kogin Clyde suke ƙarewa. To na shiga shagon intanet kaina ya ɗaure, ƙugiya kala-kala, wata an rubuta 1XL wata 2XH wata jig, bid ɗin ma haka, wato ɗan dunƙulen da ake zurawa a ƙugiya don nauyi, ga na tagulla ga na ƙarfen tungistin, wani mai tsaga wani mai rami kawai, wani da milimita wani da inci. Yanzu haka ina da bid milimita 2.4 ya ƙi shiga ƙugiya lamba 14, a kunnen nan na bayan tsini yake tsayawa. Me zan saya wanda zai ishe ni ba tare da albashi ya tafi ba?

Nura Kolorado:
Wslm Abu. Jig mara kunne lamba 14 da 16, bid na tungistin mai tsaga 2.5 da 3.0 da 3.5, shikenan ka gama. Ƙugiyar Hanak H 400 BL ko Jig Force na Fulling Mill, duk wanda ka fi samu kusa. Kar ka sa kuɗinka a tagulla wlh, ba ya nutsewa da wuri, ƙudanka zai wuce ta saman kan kifi kai kuma kana tsaye kana cewa babu kifi a kogin

Baba Idi Salisbury:
Nura ɗana ka yi sauri. Yaro ya ce kansa ya ɗaure, ka miƙa masa sunayen kaya ba ka kwance masa kan ba, gobe in shagon babu waɗannan sai ya dawo inda yake.

Abu ka saurara. Lambar ƙugiya a juye take, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance, 10 ta fi 14 girma, 14 ta fi 18. Kuma abin da lambar take nufi galibi shi ne faɗin bakin, wato tazarar da ke tsakanin tsini da jikin ƙugiya, ba tsawonta ba. Tsawo shi ne wannan X ɗin da ka gani. 1XL na nufin jikin ya kai tsawon na ƙugiyar da ta fi ta girma da lamba ɗaya amma bakin bai canza ba, 2XL lamba biyu, haka har 3XL da 4XL na manyan ƙudaje masu kama da ƙananan kifi. 2XH kuma kaurin waya ne, an yi ta da wayar ƙugiyar da ta fi ta da lamba biyu. Akwai masu siririyar waya su ma, waɗannan na ƙudan da ke yawo a saman ruwa ne, irin su TMC 100 ta kamfanin Tiemco, kar ka ɗora musu bid mai nauyi.

Abin da ya sa ake son 1XL in za a sa bid, shi bid ɗin yana cinye wuri a gaba kusa da idon ƙugiya. In ƙugiya gajera ce ka zura bid, ina za ka ɗaura jikin ƙwaron? Shi ya sa TMC 3761 ta yi suna, 1XL ce mai kaurin waya. Sannan ka sani babu ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, 14 ta Tiemco ta Japan daban, 14 ta Hanak ta ƙasar Cek daban, ta Mustad ta Nowe daban. Ka ajiye su gefe da gefe a kan farar takarda ka gani da idonka.

Maganar bid ɗinka da ya tsaya kuwa, ɗauki filaya mai santsin baki ka danne kunnen ya kwanta, zai wuce.

Abu Gilasgo:
Allah ya saka da alheri Baba, yanzu na fara ganin haske. Na danne kunnen ya wuce, amma ya sake cijewa a lanƙwasar. Kamasan B175 ce ƙugiyar, ita mutanen nan suka fi amfani da ita

Maman Hanif Nyeri:
Ƙanena ba laifin bid ɗin ba ne, siffar lanƙwasar ce. B175 ƙugiya ce mai kyau ƙwarai, mai ƙarfi, amma wayarta da kauri kuma lanƙwasarta ba zagayayya ba ce sosai, tana da 'yar kwana can ƙasa kusa da tsini, to ƙaramin bid nan yake maƙalewa. Masu zagayayyar lanƙwasa su bid ke bi salin alin. Ka gwada 2.8 a kanta za ka ga bambanci. Kuma kar ka buɗe lanƙwasar da filaya don bid ya wuce, na san wasu suna yi, amma ƙarfen an riga an gasa shi, in ka buɗe ka mayar ka raunana shi, ranar da babban kifi ya kama nan za ta karye.

Wani abu kuma tunda sabo ne kai, bid mai rami yana da baki biyu, ƙarami da babba. Tsinin ƙugiya ta ƙaramin yake shiga, ta yadda in ya zagayo ƙaramin ramin ne zai jingina da ido, babban yana kallon baya inda za ka cusa zare. In ka juya shi bid ɗin zai haɗiye idon ƙugiya ka rasa inda za ka zura tifet, siririyar igiyar da ake ɗaura ƙuda a ƙarshenta.

Ni nan da yake ina ɗaura wa masu zuwa kogunan Aberdare, abin da hannuna ya saba da shi a miƙaƙƙiyar ƙugiya shi ne 2.0 a lamba 18, 2.4 a 16, 2.8 a 14, 3.2 a 12, in an kai lamba 10 ko 8 sai 3.8 ko 4.0. Ba doka ba ce, kana iya hawa ko sauka da mataki ɗaya. Wanda aka rubuta da inci kuma kar ya ruɗa ka, 5/64 shi ne 2.0, 3/32 shi ne 2.4, 7/64 shi ne 2.8, 1/8 shi ne 3.2.

Ɗan Yawuri:
Tirawut a Kenya kuma Hajiya? Ni na ɗauka kifin ƙasar ƙanƙara ne

Maman Hanif Nyeri:
Akwai shi sosai malam. Turawa ne suka kawo shi tun 1905 aka zuba a kogin Gura, kuma kan duwatsun Aberdare da Dutsen Kenya ruwan da sanyi ƙarara, ya zauna ya hayayyafa. Ɗaurin ƙuda ma sana'a ce babba a ƙasar nan, da yawan ƙudajen da su Abu ke saya a shagunan Birtaniya hannun 'yan Kenya ne ya ɗaura su.

Nura Kolorado:
Baba na karɓi gyara a kan bayani, amma maganar tagulla ina nan a kan bakana. Anti ma ta san gaskiya. Tirawut yawancin cinsa a ƙasa yake yi, kusa da tsakuwa inda ruwa ya fi lafawa, sama na gudu ƙasa na tafiya a hankali. In ka jefa nimf a ruwa mai gudu kana da 'yan daƙiƙu ne kafin ruwa ya kwashe shi ya wuce gabanka, to in rabin wannan lokacin ya ƙare wajen nutsewa me ka yi? Nan kogunan South Platte da Arkansas in ka ga mutum yana ta cire kifi wasu na kallo, leƙa akwatinsa, tungistin ne jere

Injiniya Kabiru:
Bari in sa muku lissafi a tsakani don kar a yi ta ja da baki. Tsantsar tungistin nauyinsa giram 19.3 ne a kowane santimita kubik. Dalma 11.3. Tagulla wajen 8.5. Gilashi wajen 2.5. Ke nan bid biyu masu girma ɗaya, na tungistin ya ninka na tagulla sau biyu har da ɗoriya.

Amma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne girma. Nauyin dunƙulallen abu ba ya hawa daidai da faɗinsa, faɗin ake ninkawa da kansa sau uku. Daga 2.5 zuwa 3.0 rabin milimita ne kawai a ido, amma nauyi ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100. Daga 3.0 zuwa 3.5 kusan kashi 60. Bid 4.0 kuwa ya ninka 2.0 sau takwas. Don haka in ka lissafa, tungistin 2.5 da tagulla 3.2 kusan nauyinsu ɗaya. Wannan ne ainihin amfanin tungistin a wurina, ba wai yana da wani sirri ba, yana ba ka nauyin da kake so a ƙaramin jiki, sai ka iya ɗaura ƙaramin ƙwaro lamba 16 da zai kai ƙasa. Da tagulla sai ka koma lamba 12 kafin ka samu wannan nauyin, kuma wataƙila kifin ba abin da ya kai lamba 12 yake ci ba a ranar.

Sai dai a kula, tungistin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, shi ya sa ba zuba shi ake yi a mazubi ba, garinsa ake haɗawa da wasu ƙarafa kamar nikel a matse a gasa. Ke nan bid ɗin da ke hannunka bai kai 19.3 ba, kuma na wani kamfani ya fi na wani. Girman ramin da faɗin tsagar ma suna rage nauyi. Wanda ke son tabbatarwa ya nemi ɗan ma'aunin nan na masu sayar da gwal mai auna 0.01, ya ɗora guda goma ya raba.

Nura Kolorado:
Yauwa Injiniya, ka gama magana. Baba ga lissafi nan fa

Baba Idi Salisbury:
Lissafin daidai ne, ban ja da shi ba. Abin da nake ja da shi shi ne a ce kullum wanda ya fi saurin nutsewa shi ya fi. Nura, kogunanku na duwatsu ne masu gangara. Nan inda nake kogin Avon ne, ruwa garau mai fitowa daga ƙarƙashin alli, yana tafiya a natse, ciyawa shimfiɗe a ƙasa, kana ganin kifin yana ganinka. Ka jefa masa tungistin 3.5 ya faɗo ɓulum, kafin ka ɗaga sanda kifin ya shige ciyawa, in ma bai gudu ba ƙudan ya nutse cikin ciyawar ya ɓace. A bakin wannan kogin Frank Sawyer ya yi aikin kula da ruwa, kuma nimf ɗinsa na wutsiyar fesant da duniya ke ɗaurawa har yau babu bid ko ɗaya a jikinsa, babu ma zare, siririyar wayar jan ƙarfe ce da gashin tsuntsu, wayar ita ce nauyin ita ce maɗaurin. Ya yi shi ne ya shiga ruwa ba ƙara ya nutse a hankali zuwa daidai bakin kifin da yake kallo.

Kuma Abu Clyde zai je. Na san saman Clyde, a watan Maris da Afrilu ruwa na da yawa da sanyi, a nan maganar Nura na da ƙarfi. Amma a Yuni da Yuli ruwa ya ja baya, wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, gansakuka ta rufe duwatsu, duk jifa ka ciro kore. A lokacin tagulla 2.4 ko ma babu bid shi ne zai yi tafiya a tsakiyar ruwa yadda ɗan ƙwaro ke yi in ya taso zai ƙyanƙyashe. Haka in zai rataya nimf a ƙarƙashin busasshen ƙuda mai yawo a saman ruwa, tungistin mai nauyi zai ja na saman ya nutsar da shi. Ga shi kuma tagulla ta fi araha nesa ba kusa ba, mai koyo da zai ɓata goma kafin ya ɗaura ɗaya mai kyau ya fara da ita mana.

Sadik Firag:
Ni ina tsakiya amma na ɗan karkata wajen Yaya Nura. Nan Cek kamun nimf a gajeren zango kamar gadonsu ne, daga 'yan Folan suka ɗauko a 1984, a 1986 Slavoj Svoboda ya ci gasar duniya da shi a Beljiyam. Abin da na koya wurin 'yan kulob ɗinmu shi ne ba sa ɗaura iri ashirin, iri uku ko huɗu ne amma kowane iri a nauyi uku. Layi ɗaya a akwati duk ƙuda ɗaya ne, 2.5 sannan 3.0 sannan 3.5. In mutum ya jefa sau kaɗan bai ji ƙudan ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba sai ya hau, in kowace jifa yana maƙalewa sai ya sauka. Nauyi suke canzawa kafin su canza kala.

Amma Baba na da gaskiya a wani wuri, su ma in ruwa ya ragu 2.0 suke komawa, wani lokacin har ƙasa da haka. Kuma asalin nimf ɗin Cek ma ba bid gare shi ba, lanƙwasasshiyar ƙugiya ce irin ta tsutsa da dalma a ciki an rufe da siririn jiki.

Abu Gilasgo:
To yanzu jig ɗin nan da ake ta faɗa, mene ne bambancinta da miƙaƙƙiya? Kuma bid mai ramin da nake da shi zai hau ta?

Nura Kolorado:
Jig wuyanta a karye yake kusa da ido, galibi digiri 60, to in ka sa mata bid nauyin sai ya rinjaya ta kife, tsini ya koma sama yana kallon sararin ruwa. Ka ga ke nan bid ne ke dukan dutse ba tsini ba, maƙalewa ta ragu, kaifi ya daɗe, kuma yawanci a leɓen sama take kama kifi. Kai da kake kukan Clyde na cinye maka ƙudaje wannan ce maganinka gsky. Bid mai tsaga ake sa mata saboda tsagar ce ke ba shi hanya ya zagaya wannan karyayyen wuyan ya zauna daf da ido. Mai rami wani lokaci yana hawa amma ba ya zama daidai, sai ka ga ya tsaya a kwanar ya karkace

Maman Hanif Nyeri:
In ƙara a kan na Nura, zaman bid mai tsaga shi ne inda sababbi suke shan wahala. Bayan ka zura shi ya kai gaba, juya shi da yatsa har ka ji ya faɗa mazauninsa, yawancin jikin bid ɗin ya koma ɓangaren da ba na tsini ba, ido ya fito fili. Sai ka cusa zare cikin tsagar ka yi ta naɗawa har ya daina motsi. Wasu suna naɗa waya mai nauyi zagaye huɗu ko biyar a bayansa su tura ta cikin tsagar, tana riƙe shi kuma tana ƙara nauyi. In ka bar shi yana juyi, bayan kifi biyu uku zai sassauta ya yanke zaren.

Amma gargaɗina ga masu son babban bid a ƙaramar ƙugiya, ku dubi bakin. Na sha ganin ƙuda lamba 16 da bid 3.5 ko 3.8, an samu nauyi amma bid ya cike rabin bakin ƙugiya, kamar mutum ya cika baki da tuwo ya ce zai ciji nama. Kifi zai ɗauka, ka ɗaga, ka ji shi daƙiƙa biyu ya sulluɓe, ka ce yau ba sa ci da kyau, alhali tsinin ne bai samu wurin shiga ba. In dole sai ka yi haka nemi mai faɗin baki irin H 450 BL. Ni kafin in ɗaura komai nakan zura bid in ɗaga ƙugiyar a haske in duba abin da ya rage tsakanin tsini da bid, in bai gamsar da ni ba na canza ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa kullum nake cewa ƙugiya ake fara zaɓa, ita ce ke riƙe kifi, bid rakiya ya yi.

Injiniya Kabiru:
Kuma kar a ɗora wa bid duka aikin nutsewa. Jikin ƙuda mai gashi buzu-buzu yana tokare ruwa, tifet mai kauri ma haka. Nimf ɗin Perdigon da 'yan gasar Sifen suka fito da shi ai dabararsa ke nan, jiki siriri na zare an shafe shi da resin mai kama da gam ya yi sumul, sai ka ga mai bid 2.5 ya riga nimf ɗin gashin zomo mai 3.0 isa ƙasa. Kafin ka hau girman bid ka fara rage kaurin jikin.

Maganar naɗa waya kuma, a duba dokar wuri. A gandun Yellowstone na Amurka an hana dalma a kayan kamun kifi har da wadda ake naɗawa a nimf, kuma dole ƙugiya ta zama mara kunne ko wadda aka danne. Akwai waya mara dalma a kasuwa, ba ta kai ta nauyi ba amma tana aikin riƙe bid.

Baba Idi Salisbury:
Wannan gaskiya ne, kowa ya karanta takardar izininsa. Nan kudancin Ingila a kogunan Test da Itchen akwai wuraren da busasshen ƙuda kaɗai aka yarda da shi a wani ɓangare na shekara, akwai inda nimf ya halatta amma mai ruwan ba ya son ganin bid. Masu shiga gasa kuma dokar FIPS-Mouche, hukumar gasar kamun kifi da ƙuda ta duniya, ta ce bid ɗaya tak da ake gani kuma kar ya wuce milimita 4.

Ɗan Yawuri:
Ina bin ku tun ɗazu ina ƙaruwa. Amma abu biyu. Mu nan in ƙugiya ba kunne ai ba ƙugiya ba ce, kifi ba ya zillewa? Na biyu, in na samu irin waɗannan zan iya gwadawa a kan tsage ko giwan ruwa a Neja?

Sadik Firag:
Kawu bambancin shi ne ku kuna ɗana mari ko ku kafa fatsa ku bar ta, dole kunne ya riƙe kifi har ku dawo. Mu sanda na hannu, igiya a miƙe take tun daga kamu har koma, muddin ba ka sassauta ba ba ya fita. Kuma marasa kunnen da aka ƙera don haka tsininsu ya fi tsawo, wasu ya ɗan lanƙwaso ciki, suna shiga da sauƙi don babu abin da ke tokarewa. Yawancin tirawut ɗin kogi sakinsa ake yi ya koma, to mara kunne cikin daƙiƙa ka zare ba ka yaga masa baki ba ba ka daɗe da shi a waje ba. In ta shiga yatsanka ko kunnenka ma haka za ta fito ba sai an je asibiti ba.

Tsage da giwan ruwa kam a'a, waɗannan ƙugiyoyin za su miƙe ko su karye, haƙorin tsage kuma zai datse tifet nan take. Ana kama su da ƙuda a kogin Faro na Kamaru amma da manyan ƙugiyoyi irin na teku, tsage kuma sai da waya a gaba. Karfasa dai tana iya ɗaukar ƙaramin nimf. Gashin zabon da kuke da shi a gida ma ana ɗaura ƙuda da shi, a shagunan nan sayar da shi ake yi a 'yar leda.

Abu Gilasgo:
Saura kala da kuma farashi. Na ga wasu ƙugiyoyi marasa suna guda ɗari a kuɗin guda ashirin da biyar na masu suna. In saya?

Nura Kolorado:
Bid mara suna saya abinka, in ya yi rashin kyau iyaka fenti ya goge ko ka samu kaɗan da tsagar ta toshe. Tungistin ɗin ma ai kusan duk daga Chaina yake fitowa, su ke haƙo kusan kashi 80 cikin 100 na duniya, kuma tunda suka sa takunkumin fitar da shi a farkon 2025 kuɗinsa ya hau, don haka in ka samu fakitin 50 ko 100 da sauƙi kar ka tsaya. Amma ƙugiya a'a. Na taɓa karɓar irin waɗannan daga wani shago, a fakiti ɗaya wata ta miƙe a bakin kifi wata ta karye a bayis tun kafin in gama ɗauri, ba a gasa ƙarfen daidai ba. Ka ɓata minti goma kana ɗaura ƙuda, ka tuƙa mota, ka sayi izini, sannan kifin da ka fi so a shekarar ya tafi saboda ƙugiyar 'yan kwabbai? Araha ba ta ado

Maman Hanif Nyeri:
Ba duka marasa suna ne marasa kyau ba Nura, mu nan da dubu muke saya kuma akwai masu kyau a ciki, sai dai kowane sabon fakiti sai an gwada. Ɗauko biyu ko uku, matse a bayis, ja idon sama da yatsa da ɗan ƙarfi ka saki. Mai kyau za ta ɗan ba da kai ta dawo yadda take. In ta zauna a buɗe ta yi laushi, in ta ɓalle ta yi gautsi, mayar da fakitin. Sannan ja tsinin a kan farcen babban yatsa, in ya kama yana da kaifi, in ya zame babu. Ka duba idon ma ko ya rufe ruf, wanda bai rufe ba gefensa yana yanke tifet. Amma ga mai farawa da zai sayi fakiti uku ko huɗu kawai, na yarda ya sayi mai suna hankalinsa ya kwanta.

Kala kuma, ni jan ƙarfe na fi ɗaurawa, sai baƙin nikel, sai azurfa. Ruwan zinare shi kowa ya fi sani tun da Roman Moser na Ostiriya ya yaɗa shi, kuma yana aiki musamman in ruwa ya ɗan yi duhu bayan ruwan sama.

Baba Idi Salisbury:
A ruwa garau da rana tsaka, inda kifi ya ga masunta ya gaji, zinare mai ƙyalli korarsa yake yi, na ga kifi ya matsa gefe ya ba shi hanya da idona. Baƙi mara ƙyalli ko jan ƙarfen da ya dushe ya fi. Kar ka jefar da bid don ya dushe Abu, lokacin ne ma ya fara kyau.

Sadik Firag:
Ka ƙara fakiti ɗaya na ruwan hoda. Clyde na da kifin gireling, in an rufe tirawut ranar 6 ga Oktoba su za ka koma wa da sanyi, kuma suna son ruwan hoda da lemo sosai. Fentin yana ɓarewa a dutse, ɗan shafa masa resin ko man farce mara kala kafin ka fita.

Nura Kolorado:
Baba to yanzu mun daidaita ko? Jig da tungistin na Maris da Afrilu, 3761 da tagulla na bazara

Baba Idi Salisbury:
Mun kusa. Ni dai ina so ya bar layi ɗaya a akwatin wanda babu bid sam, wutsiyar fesant da wayar jan ƙarfe a lamba 16 da 18, ita B175 ɗin da ke hannunsa ma ta isa wannan a lamba 14. Akwai yammacin da kifi zai tsaya ɗan taƙi ƙasa da saman ruwa yana cin abin da ke tasowa, duk mai bid zai wuce ta ƙarƙashinsa.

Nura Kolorado:
Wannan kam ban musa ba, nima ina da ƙudan RS2 mara bid a akwati saboda irin wannan lokacin a South Platte. Abu abu ɗaya da ba a faɗa ba, in ka fara jifa da 3.5 sa tabarau da hula ko da hadari ne, kuma buɗe jifar kar ka matse ta, tungistin in ya daki sandar girafait yana yi mata ɗan tabon da ba ka gani, sai wata rana ta karye a daidai wurin kana tsaka da jan kifi